Ba-Haka-Ba da Buhun Ƙasar Tsallake

A layin masu zubin tukwane, can bayan tashar manyan motoci, inda hayaƙi ke riga rana fitowa, akwai wani dattijo da ba a taɓa gaya masa magana ya ce "haka ne" ba. Ka ce masa yau an tashi da zafi, zai ce, "Ba haka ba ne, kai ne ba ka da jini." Ka yi masa barka da samun jika, zai ce ba haka ake yin barka ba. Likita ya taɓa auna shi ya ce jininsa ya hau, ya ce ba haka ba ne, abin awon ne ya tsufa. Tun ana kiransa Ba-Haka-Ba a bayan ido, har aka dawo ana kira a gabansa, har masu babur suka mayar da sunan na kwanar gaba ɗaya. Shi kuwa amsawa yake yi, don a ganinsa yabo ne.

A rumfar zubi ya buɗe ido. Ubansa ne ya fara kunna wuta a layin, lokacin wurin duk juji ne da karnuka. Makaranta wata biyar ya yi mata. Malamin lissafi ya ce masa biyu da biyu huɗu, sauran labarin ba sai an faɗa ba. Da tsohon ya rasu, ya bar masa murhu, da samfurin tukwane goma sha ɗaya waɗanda duk sun lotse sun karkace, da ƙane guda da ake kira Auta, da kuma baƙar zuciya wadda ita kaɗai ce ba ta lotse ba.

Aikin zubi, ga wanda bai taɓa gani ba, ba wani tsafi ba ne. Za a sa samfurin tukunya a akwatin katako, a cika da ƙasa mai danshi, a daddanne ta sosai, a buɗe akwatin a zare samfurin, sai ya bar siffarsa a jikin ƙasar. A mayar a rufe. A narka tsoffin gwangwanaye da fistin mota da duk wani tarkacen alminiyum a kasko, mutum biyu su kama doguwar mariƙar kaskon, ɗaya nan ɗaya can, su tuttula ta wata 'yar kafa. Kafin ka sha ruwa ka goge baki an fasa ƙasa, ga tukunya tana huci. Sai a bi ta da magagari a kashe mata kaifi. Shi ke nan.

To amma 'yan layin nan tsafi suka mayar da shi. Rumfa tara, murhu tara, kowa da gawayinsa, kowa da wilin keken da yake juyawa yana zuga wutarsa. Tsakanin rumfa da rumfa an kafa kwanon rufi wanda ya fi mutum tsawo, duk inda tsatsa ta huda an toshe da tsumma. Me ake ɓoyewa? Ƙasa. Kowannensu ya yi imani cewa sirrin tukunya yana cikin haɗin ƙasar zubi: yashi kaza, yumɓu kaza, toka kaza, da wani abu na huɗu da ba a faɗa. Ba-Haka-Ba in zai haɗa tasa, sai ya kori kowa, ya saki labulen buhu a ƙofa, ya ba duniya baya. Auta, mutumin da ya ba hamsin baya, furfura har cikin hanci, mai 'ya'ya bakwai, har yau bai san mene ne na huɗun ba. Waɗanda suka taɓa leƙe sun rantse garin bulo ne kawai.

Tukunyarsa kuwa, a faɗi gaskiya ko don Allah, tana da kyau. Kauri gare ta kamar ƙofar kurkuku. Sai dai kowacce da murfinta. Zama yake yi ya yi ta goge murfin da magagari har sai ya zauna daram a bakin tukunyar, sannan ya ɗaure su da waya, ya ce ya ɗaura musu aure. Ranar da murfin ya ɓata, tukunya ta zama bazawara har abada, don duk faɗin duniya babu murfin da zai hau ta, har da na 'yar'uwarta da aka zuba su rana ɗaya. A yini, in abu ya yi kyau, shi da Auta su fitar da shida.

Shekara talatin ana haka lafiya lau. Sai masu sari suka fara ɗauke ƙafa. Wanda yake zuwa duk mako ya koma duk wata, wanda yake zuwa duk wata ya koma gaisuwa daga cikin mota. Aka bincika, aka ce ai duk sun koma tsallake, wani gari ne bayan kogi, tafiyar awa biyu. Nan da nan kasuwanni suka cika da tukwanen tsallake. Rumfa uku a layin suka rufe, ɗaya ta zama shagon cajin waya. Ya rage mai sari ɗaya tak da motarta ke tsayawa a ƙofar Ba-Haka-Ba, wata ƙaƙƙarfar mata mai murya kamar hon, ana ce mata Uwar Lodi. Ita ce ke riƙe da wutar murhun nan, kowa ya sani, ban da mai murhun.

Wata Talata ta sauko daga gaban mota, ta ƙi zama a bencin da Auta ya kaɗe mata. Ta sa direbanta ya sauko da wani abu ya dire a gaban Ba-Haka-Ba. Tukunya ce babba. Ta ɗage murfi, sai ga wata a ciki. Ta ɗage, sai ga wata. Har biyar, kowacce a kwance a cikin 'yar'uwarta.

"Malam, ka ga wannan? Motata da ke ɗaukar naka ɗari, nasu ɗari huɗu take ɗauka. Naka kowacce sai ta kama wurin zama ita kaɗai kamar matar gwamna."

"Ba haka ba ne, Hajiya. Wannan ai gwangwani ne aka yi masa kunne."

"Gwangwanin mata ke so. Murfi ya ɓata, mace ta je kasuwa ta ce a ba ta na lamba biyar, ta dawo ta rufe abarta. Kai kuwa jiya wata ta biyo ni har gida da tukunyarka a ka, tana zagina kamar ni na haife ka. Kuma bari in gaya maka, mutum ɗaya a can yana fitar da abin da mutum biyar naku suke fitarwa a nan."

"Suna da lantarki."

"Wutarsu ma ɗaukewa take kamar taku."

"To an yi musu titi."

"Titin da ya karya mini ƙafar mota sau biyu bana? Ka tambayi direba, ga shi nan."

"To asiri ne."

Uwar Lodi ta dube shi tun daga hula har silifa. "Don darajar mahaifinka nake tsayawa a nan, shi ya koya mini ƙwanƙwasa tukunya in gane mai tsaga. Amma daraja ba ta cika mota. Nan da mako biyu, ranar Talata, ina son ɗari da hamsin. Girma uku, su shiga cikin juna, kowane murfi ya hau kowace tukunya mai girmansa. In na samu, muna tare. In ban samu ba, ko ƙurar motata ba za ka ƙara shaƙa ba."

Ta tafi ta bar masa hayaƙin salansa.

Auta ya jira har ƙarar motar ta ɓace, sannan ya matso, yana murza hannu kamar mai neman aure. "Yaya, in ce wani abu?"

"Ka riga ka ce."

"Mu biyu ba za mu iya ba. Ko za mu daina cin abinci, saba'in ne ƙarshenmu. Me zai hana a yi wa Dogo magana, da sauran da suka rage? A haɗa wuta ɗaya, a cire kwanon nan..."

"A cire me?"

"Kwanon, Yaya."

Dogo shi ne maƙwabcinsu na dama. Shekara tara ke nan rabon da Ba-Haka-Ba ya amsa gaisuwarsa. Laifin Dogo shi ne wata rana ya shigo aron awartaki, ya sa ɗan yatsa ya taɓa ƙasar zubi, ya ce, "Kai, ƙasar nan taka da laushi take." Daga nan aka rubuta shi cikin ɓarayi.

"Wato kai ma sun saye ka," in ji Ba-Haka-Ba. "Ɗan uwata ɗan ubana, ka tsaya a gabana kana cewa in buɗe wa Dogo ƙasar Baba. Da me ya ba ka? Shayi? Ka bar ganin furfurar nan taka, wallahi har gobe ina iya kwaɗa maka mari."

Auta ya koma kan wilin kekensa ya ci gaba da juyawa, alhali babu komai a kan wutar.

Kwana biyu Ba-Haka-Ba yana tunani, abin da bai saba ba, har kansa ya yi ciwo. Rana ta uku da safe yana shan shayi a tsakar gida, matarsa tana wanke-wanke, ya ce da ƙarfi, kamar wanda ya tsinci abu, "Ƙasarsu ce."

"Ƙasar wa, Baban yara?"

"'Yan tsallake. Akwai abin da suke sawa. Shi ya sa take saurin kama musu. In na samu haɗin nan, ɗari da hamsin me? Ɗari biyar ma sai in zuba."

"To ka je ka tambaye su mana."

Ya dube ta da tausayi. "Ke dai Allah bai ba ki kan sana'a ba. Ana tambayar ƙasa? Ɗaukowa ake yi."

Ya sa babbar riga, ya naɗe buhu ya cusa a ciki, ya ari baƙin tabarau na surukinsa, ya ja hula har gira. Matar ta ce ya yi kama da mai tallan maganin basir. Ya sa kai ya fita. A mota ya yi musu da kwandasta a kan tsawon gadar, ya yi musu da wata tsohuwa a kan shekarun jikanta, kafin a isa duk motar ta san ko wane ne, da tabarau da komai.

Da ya sauka ya tambayi layin masu zubi, aka nuna masa wata doguwar rumfa. Ya tsaya yana neman ƙofa, ya rasa, don babu bango balle ƙofa. Komai a fili kamar kasuwa. A tsakiya ga wani ƙaton murhu guda ɗaya, tsohon injin ban-ruwa na hura shi, kasko na sauka wani na hawa, wutar ba ta hutawa. A hagu mutum wajen goma sha biyu a jere, ba abin da suke yi sai danna ƙasa a akwati. Suna gamawa wasu su ja su jera. Mutum biyu suna bin jerin da kasko suna zubawa, ba sa ko ɗaga kai. Can gefe wasu murfi kawai suke yi. Wani na zaune yana ware tarkace, mai kyau nan, mai datti can. Wani riƙe da zoben ƙarfe yana gwada bakin kowace tukunya, wadda ta ƙi ya jefa ta a mayar wuta, ba gardama. A jikin ginshiƙi an rataye samfura masu sheƙi, kowanne da lambarsa, wanda ya ga dama ya sauke ya yi aiki ya mayar. Mai gawayi a bakin rumfar yake, kafintan da ke yin akwatunan ma a nan yake, kana ce masa wannan ya kwance zai miƙo maka wani.

Duk wannan a gaban idon Ba-Haka-Ba aka yi shi. Bai ga ko ɗaya ba. Idonsa na kan tulin ƙasa da ke tsakiyar fili, ba rufi, ba mai gadi, har da wata akuya a kwance a kai tana tuƙa. Ya ce a ransa, ko dai mutanen nan mahaukata ne, ko kuwa sun fi shi wayo nesa ba kusa ba.

Ya sulala gefen tulin, ya yi kamar yana gyara silifa, ya damƙi ƙasa ya zuba a aljihu. Ya ƙara. Yana cikin ta uku sai ya ji murya a kansa.

"Maigida? Ashe rai kan ga rai. Ba kai ba ne?"

"Ba ni ba ne."

Mai maganar wani ƙaton mutum ne mai gemu, da tawul a wuya. Shiru ake ce masa. Shekara bakwai ya yi yana koyon aiki a hannun Ba-Haka-Ba, har ranar da ya yi kuskuren tambaya me zai hana a ware rana ɗaya a yi murafe zalla. A ranar aka jefo masa takalmansa waje. Yau shekara goma sha huɗu ke nan, kuma ga dukkan alamu shi ke juya rumfar nan.

"A kawo wa Maigida kujera!" Shiru ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ku zo ku gaida wanda ya koya mini aiki. Shi ya koya mini share rumfa, shekara bakwai, babu wanda ya kai ni iya tsintsiya a garin nan."

Aka yi dariya. Ba-Haka-Ba ya cire tabarau, tunda ba su yi rana ba. "Har yanzu bakinka bai yi hankali ba."

"Ai a wajenka na gada, Maigida. Zauna. Hajiya ta ce ta ba ka mako biyu."

"Wucewa nake yi."

"Da ƙasa a aljihu?"

Bai zauna ba, don haka Shiru ya yi masa bayanin a tsaye. Ya ce su ma da can kamar layin su Ba-Haka-Ba suke, kowa a bayan shingensa yana harara. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya kwashe shingayen duka, ya cinye murahu, ɗaya kaɗai ya tsira don yana kan tudu. Dole aka yi layi a kansa, ana zage-zage. Kafin wata ya ƙare sai suka lura gawayin da mutum uku ke ƙonawa yana isar mutum ashirin, tunda wutar ba ta mutuwa a sake tayar da ita. Mai saurin danna ƙasa aka bar shi a kan danna ƙasa. Samfura kuwa yawanci ruwa ya tafi da su, sai aka yi sababbi iri ɗaya kowa ya yi amfani da su.

"Kuma a nan," in ji Shiru, "wanda ya gano dabara da safe, kafin azahar kowa ya iya ta. Ga shi nan duk, Maigida. Babu wani abu a ƙasa. Yashin kogi ne da yumɓu, kamar taka."

Ba-Haka-Ba ya yi murmushi a karo na farko a ranar. Yaro dai yaro ne, ko ya yi gemu. Duk wannan dogon surutu na ambaliya da gawayi, ai don a kawar masa da hankali daga tulin ne. Shi ma da haka zai yi.

Shiru ya karanta fuskarsa, ya girgiza kai. "Kai, a cika wa Maigida buhu. Yana da shi a cikin riga." Aka sake fashewa da dariya. Mutum biyu suka kori akuyar, suka cika buhun har baki, suka ɗinke. Shiru ya je ginshiƙi ya sauko da samfura uku da murafensu, ya sa su cikin juna, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga lamba uku, biyar da bakwai. Tafi da su, in ka gama ka aiko. Ka sa Auta a kan akwati, ka nemo su Dogo su kama muku. Ba don halinka ba, don Auta, shi ne yake ɓoye mini abinci lokacin da kake hana ni."

"Ubana bai mutu ya bar ni ba samfur ba."

"Na Baba ai sun lotse tun ina yaro."

"Ba lotsewa ba ce, siffarsu ce. Riƙe gwangwaninka."

Ya bar abin da za a iya ɗauka da hannu ɗaya, ya sa aka ɗora masa buhun da ya kusa nauyin mutum. Haka ya ratsa tasha, wuya a lanƙwashe, babbar riga na jan ƙasa, yana jin daɗi kamar wanda ya ci yaƙi.

Washegari ya kori Auta waje, ya saki labulen buhu a ƙofa. Ya shinshina ƙasar, ya ɗanɗana, ya tankaɗe ta da rariyar matarsa, ya jiƙa ta a kofi ya zuba mata ido. Yini guda cur. Da ya fito, Auta ya ce, "Yaya, me ka gani a can?"

"Ragwaye. Kowa abu ɗaya ya iya. Akwai wani ƙato da iyali, murfi kawai yake yi. Ka ji lalacewa. Ka tambaye shi tukunya, sai ya yi kuka."

"Murfi nawa yake yi a rana?"

"Na je ƙirga masa murfi ne?"

Suka kama aiki da ƙasar tsallake da samfuran Baba, daga asuba har faɗuwar rana. Ranar farko shida. Ta biyu shida. Ta uku bakwai, Ba-Haka-Ba ya ce ka gani, ta fara kamawa. Ta huɗu biyar. Kuma kowace tukunya sai ya zauna ya goge mata murfinta ya ɗaure da waya, Auta na tsaye da akwati a shirye yana jira, wuta na cin gawayi a banza.

Ana saura kwana huɗu, direban Uwar Lodi ya biyo shan ruwa, ya kwance wa Auta labarin samfuran da aka miƙa aka ƙi karɓa. Auta ya shigo rumfa, bai murza hannu ba wannan karon.

"Yaya, da gaske an ba ka samfur ka bari, ka ɗauko ƙasa?"

"Wa ya gaya maka?"

"Da gaske ne ko ba da gaske ba?"

"Kai, da wa kake magana haka?"

"Da kai nake! Shekara talatin da biyar ina juya maka keke kamar jakin rijiya. Kana haɗa garin bulo kana korata waje, kamar ban san garin bulo ba ne. Ni nake daka maka shi, Yaya! Ka ce in daka na gyaran daɓe, wane daɓe aka taɓa gyarawa a nan? 'Ya'yana bakwai, babu wanda ya yarda ya koyi aikin nan, sun ce ba za su tsufa ana ce musu fita waje ba."

Daga bayan kwano aka ji Dogo ya yi tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Ba-Haka-Ba ya ɗauki guntun bulo ya jefi kwanon, ya ce da Auta, "In ka gama wa'azin, akwati na jiranka."

Talata ta zo. Hamsin da huɗu aka jera a ƙofa, suna sheƙi, kowacce da mijinta a ka. Uwar Lodi ta sauko, ta bi jerin da ido sau ɗaya, ba ta ce komai a kan yawansu ba. Ta karɓi filaya a hannun direba, ta datse wayar tukwane biyu masu girma ɗaya, ta musanya murafen. Ɗaya ya faɗa ciki ƙwal. Ɗayan ya zauna a karkace kamar hular ɗan iska. Ta ɗauki ƙarama ta sa a cikin babba, kunnuwan suka maƙale a baki.

"Hajiya, ai kin raba aure," in ji Ba-Haka-Ba. "Mayar da kowanne ɗakinsa ki gani."

"Na gani, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka." Ta juya. "Direba, tayar."

"Ƙasar bogi suka ba ni!" ya bi ta yana faɗa. "Na sani tun da na ga akuya a kai! Ta gaskiyar tana ɓoye. Ki ƙara mini mako ɗaya in koma..."

Ba ta waiwayo ba. Wanda ya waiwayo Auta ne. Ya shiga rumfa, ya fito da sandar da yake danna ƙasa da ita da 'yar butarsa, ya tsaya a gefen mota.

"Hajiya, tsallake za ki?"

"Can za ni."

"A rage mini hanya."

"Auta!" Ba-Haka-Ba ya daka tsawa. "In ka taka motar nan, ban yafe ba, Baba ma bai yafe ba!"

"Baba ya huta da kai tun tuni, Yaya. A gaida mini uwargidanka." Ya kama ƙarfe ya haye baya, da ƙyar, don gwiwa ta tsufa. Motar ta tashi.

Washegari Ba-Haka-Ba ya fito da wuri, don a san babu abin da ya faru. Ya danna akwati uku da kansa. Ya kunna wuta, ya juya keke ya koma ya gyara gawayi, ya dawo ya juya keke, gumi har cikin ido. Alminiyum ya narke fes, yana kyalli kamar madubi. Ya kama gefe ɗaya na mariƙar kasko, ya ce, "Kama." Sai da ya faɗa sannan ya tuna. Ya gwada ɗagawa shi kaɗai, kaskon ya karkata, ɗigo biyu suka zuba kusa da babban yatsansa. Ya mayar da sauri.

Ya tsaya yana kallon kwanon rufin. Yana jin motsin Dogo a baya, taku uku ne kacal tsakaninsu. Ya matsa, ya gyara murya.

"Kai."

"Da wa ake?" in ji Dogo.

Ba-Haka-Ba ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Da ƙuda nake."

"To a gaishe shi."

Ya koma ya zauna a kan bencin. Babu mai juya keke, gawayin ya fara yin fari. Saman kaskon ya yi yana, kyallin ya dushe, kafin rana ta take ya daskare ya zama dunƙule guda wanda ko guduma sai ta yi da gaske. Matarsa ta kawo abinci ta tarar da shi yana tankaɗe sauran ƙasar buhun da rariyarta, fuska duk ƙura.

"Baban yara, in ka gama ina son rariyata."

"Ki jira," ya ce, bai ɗago ba. "Na kusa gano abin da suka cire."